Takalman Ƙofar Aji Uku

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku. Masu tambaya ko lafiya, lafiya lau. Masu tambaya ko an fasa, ku karanta. Wadda take jin kuka ta yi abinta, ni na gama nawa a banɗaki da famfo a buɗe.

Saboda waɗanda yau suka shigo zauren nan: shekara shida na yi a waje ina karatun yadda wuta take cin gini da yadda mutane suke fita daga cikinsa. Da na dawo na sami aiki a hukumar kashe gobara, sashen duba gine-gine. Ba na riƙe mesar ruwa. Aikina awo ne da ƙirga. In auna ɗaki, in auna faɗin ƙofa, in fitar da adadin mutanen da za su iya fita da ƙafafunsu kafin hayaƙi ya sauko daidai hanci, in buga lambar a bango. Umma ta ce duk sanyin da na je na sha, ashe ƙirga mutane na koyo, abin da mai rabon abinci a gidan taro take yi ba tare da digiri ba.

A wurin buga lamba na haɗu da shi. Bara ginin wata firamare ya tsage bayan ruwan sama, aka kwashe yaran, aka jera musu kwantenoni a filin ƙwallo kafin a gyara. Kowane aji kwantena biyu ne aka haɗe, aka yanka tagogi aka sa musu ƙarafa, aka shimfiɗa katako da leda a ƙasa. Ƙofa ɗaya tal. Na auna, lissafi ya ba ni talatin. Hedimastan ne ya riƙe mini kujerar da na taka zan ɗaure allon.

"Talatin har da malami?" ya tambaya.

"Har da malami."

"Aljanun ajin fa?"

"In ta ƙofa suke fita, a ƙirga da su."

Ya yi dariya har kujerar ta girgiza. Hannun rigarsa duk alli. A ranar na ajiye lambarsa da sunan Mai Alli, shi kuma bai sake kirana da komai ba sai 'Yar Kwana-kwana.

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda ya shiga gidanmu ba. Ya shiga ne kawai. Ya gyara wa Abba rediyo, ya zauna yana sauraren labarin da mu mun ji sau ɗari. Umma ta ware masa farantin nan mai bakin zinare da ko Abba ba a zuba wa abinci a ciki. Ya ɗauki Autarmu a makarantarsa, aji uku, yarinyar da take kuka in an buɗe littafi, cikin wata huɗu ta koma karanta jikin gwangwanin madara da ƙarfi tun da asuba. Manya sun yi magana. Saura wata biyu a ɗaura aure. Yadina yana wurin tela, ruwan toka mai ɗan sheƙi, shi ya zaɓa, ya ce wai in huta da jan motar ofis.

Ina son sa. Na rubuta a nan don kada wata ta ce dama can ban damu ba.

Aikinmu yana da dokoki biyu da ya kamata ku sani. Ta farko, ba a gaya wa kowa ranar da za a zo dubawa. Ta biyu, rahoto yana shiga cikin kwana uku, ta waya, kai tsaye zuwa hedkwata, kuma in ya tafi ko Ogana ba ya iya janyo shi. Da sunan makarantarsa ya fito a jerin wuraren ranar Talata, kamata ya yi in ce wa Oga a ba wani. Ban ce ba. Ina son in gan shi a bakin aikinsa, shi ma ya gan ni cikin kaki. Dalilin kenan, ba wani babba ba.

Litinin da yamma ina guge kakin, waya ta yi ƙara.

"'Yar Kwana-kwana, zuciyata na ci da wuta, wace lamba zan kira?"

"Layinmu na masu gobarar gaske ne, Malam."

"To yaushe zan gan ki?"

Na ajiye dutsen guga. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa.

"Gobe. Ƙarfe sha ɗaya. Da kaki da tef ɗin awo."

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo. A lokacin na ɗauka kalmomi masu daɗi yake nema.

"Zan sa a share miki hanya," ya rubuto, da jar zuciya guda uku.

Washegari muka fita ni da Kofur. Kofur tsohon ɗan kwana-kwana ne, shekara ashirin da biyu yana shiga wuta kafin gwiwa ta mayar da shi tuƙi. Bayan hannunsa na dama babu gashi, kuma ba ya ba da labarin dalili. Asibitin da za mu fara dubawa an rufe hanyarsa ana zuba kwalta, sai ya juya kan mota.

"Injiniya, mu fara da makarantar angonmu, mu dawo nan in sun buɗe."

"Kofur."

"Na yi shiru."

Ƙarfe tara da minti biyar muka tsaya a bakin get. Maigadin ya leƙo, ya ga jar mota, ya ce mu ɗan jira makulli yana ciki. Ya tafi da gudu. Ni dabi'ata ce in danna agogon hannuna da zarar na isa wuri, na danna. Minti shida muka yi kafin a buɗe.

Mai Alli ya tare mu da fara'a, yana ɗan haki. Farar riga, guga har tana yanka, zufa a goshi.

"Kun yi sammako, ranki ya daɗe."

"Hanya ce ta canza mana."

Muka fara. Aji ɗaya, ashirin da shida. Aji biyu, ashirin da takwas. Tulun kashe wuta na kowane aji yana rataye inda na ce a rataye shi, allurarsa a kan kore. Har ya sa an zana kibiyoyi da fenti zuwa wurin taruwa. Na ji daɗi, wallahi. Na ji irin alfaharin nan na banza, har ina satar kallon Kofur ko ya gani.

Aji uku. Malamar tana tsaye gaban allo, alli a hannu, amma babu abin da ta rubuta. Yara suka miƙe suka gaishe mu da murya ɗaya. Na ƙirga kawuna. Ashirin da tara, da malama talatin. Daidai da allon da na ɗaure da hannuna.

"Cif-cif," in ji Kofur. "Ko a mota ba a cika samun haka ba."

Na duba layi-layi ina neman Auta don in harare ta kada ta kira ni Yaya a gaban mutane. Ban gan ta ba. Na ce a raina ko ta je banɗaki.

Sai na juya zan fita, na yi tuntuɓe.

Mai Alli yana da doka a makarantarsa: ba a shiga aji da takalmi. Ledar nan ta ƙasa kamar ransa take, ya sha gaya mini irin wahalar da ya yi kafin a kawo ta. Kowane yaro yana tuɓewa a bakin ƙofa. A aji ɗaya da biyu takalman layi ɗaya suka yi a jikin bango. A aji uku sun yi layi biyu, sun yi tudu, sun gangaro har kan matakala.

Ban yi niyyar ƙirgawa ba. Idona ne ya saba. Na durƙusa ina haɗa kowane da ɗan'uwansa.

"Bar shi, yara ne da zubar da kaya," in ji Mai Alli. "Wasu na jiya ne da aka manta."

Na ci gaba. Silifas, sandal, kambas mai yagaggen baki. Takalman yara hamsin da takwas. Na hamsin da ɗaya baƙi ne mai maɗauri, ni na sayo shi a hanyar dawowata, a lokacin ya yi mata yawa. Maɗaurin hagu ya tsinke watan jiya, Abba ya ɗaure shi da shuɗiyar waya. Da safen nan na ga ƙafar da ta shiga cikinsa.

Na miƙe da takalmin a hannuna.

"Malam, ina Auta?"

Ya kalli malamar.

"Ina sauran yara ashirin da tara?"

Malamar ta fashe da kuka. Kofur bai tsaya jiran amsa ba, ya zaga bayan kwantenonin, na bi shi. A can ƙarshe akwai ɗan ɗakin bulo da suke kira sito, rufin kwano, babu taga sai ramuka uku a sama. Ƙofar ƙarfe. Kwaɗo a waje. Tun kafin mu ƙarasa na ji warin fetur. Sai na ji wani ya yi tari a ciki, wasu suka ce masa shhh.

"Makulli," na ce.

Mai Alli, da ya biyo mu, ya zaro shi daga aljihu. Yana maƙale da ɗan jan tulun kashe wuta na roba, abin rataya makulli da aka ba mu ranar kammala karatu. Shi kaɗai ne abin da na taɓa ba shi. Kofur ya karɓa ya buɗe.

Suna tsaye a matse, ƙafa ba takalmi, tsakanin janareta da karyayyun bencina da tarin tsofaffin takardun jarrabawa. Babu babba ko ɗaya a ciki. Wata yarinya tana zaune a kan jarkar fetur tana kaɗa ƙafa. Wata ta yi fitsari a tsaye, tana ɓoye fuska da hijabi. Haske ya shiga, suka runtse ido.

"Yaya!" Auta ta kutso ta cikinsu. "Mun ci? Hedimasta ya ce wasan ɓuya ne, in ba a ji motsinmu ba za a raba mana biskit. Ni ban yi magana ba ko sau ɗaya. Wancan ne ya yi tari."

Na duba agogo. Minti ashirin da huɗu.

"Kun ci," na ce mata. "Ku fito a hankali, ɗaya bayan ɗaya."

Kofur ya ɗauki jarkokin biyu ya kai su can tsakiyar fili, ya dawo ya tsaya kusa da Mai Alli. Bai ɗaga murya ba.

"Hedimasta, na taɓa buɗe irin wannan ƙofar. Waccan ba su fito suna tambayar biskit ba."

Ya wuce mota. A hanyar komawa bai kira kowa ango ba.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Umma tana tsakar gida tana ninke wanki, ba ta amsa sallamata ba sai da na maimaita.

"Ya kira ni," ta ce. "Yana kuka. Namiji kamar wannan."

"Umma, ya rufe 'yarki a ɗakin fetur."

"Wuta ta tashi?"

"A'a."

"Wani ya mutu?"

"A'a."

"To? Ga ta can tana cin biskit. Ke a ajin mutum nawa kika gani?"

"Talatin."

"Sai ki rubuta talatin. Ƙarya kika yi? An ce ki ƙirga yara, wa ya aike ki ƙirga takalma?" Ta yarfa zani ta ninke shi da ƙarfi. "Shekara ashirin da tara gare ki. Duk wanda ya zo sai ki auna shi da tef. Wannan ne kaɗai ya jure miki, yana dariya in kin yi maganar nan taki mai kama da takardar asibiti. In kika tura, korarsa za su yi. Kin san korarsa za su yi. Sai ki auri wa, motar kashe gobara?"

A can inda na yi karatu sun koya mini abubuwa da yawa, amma ba su koya mini amsa wannan ba.

Abba yana bakin ƙofar falonsa, Auta ta ɗora ƙafa a cinyarsa, yana cire mata sartse da allura. A sito ta taka. Ya sa tabarau, bai ɗago ba.

"Uwata."

"Na'am, Abba."

"Na riga na ba mutane magana."

"Na sani."

Ya ciro sartsen, ya ɗora shi a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Ɗan tsinken katako ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na jira ya ƙara wani abu. Sai ya ce wa Auta ta je ta sa takalmi.

Saƙonni kuwa sun yi ta shigowa. "Ki ɗaga." "Don Allah ki ji nawa." "Ba yadda kike tunani ba ne." Na goma sha biyu ya ce, "'Yar Kwana-kwana." Shi kaɗai. Wannan ne ya kai ni banɗaki.

Laraba bayan la'asar ya zo. Na fita da doguwar rigar gida da mayafin Umma, ban shafa komai ba. Yana tsaye inda ya saba tsayawa, jikin bishiyar ƙofar gida, cikin shuɗin yadin da na taɓa cewa yana yi masa kyau. Na duba hannun rigar. Babu alli. Bai je makaranta ba kenan, ko kuma ya yi wanka na musamman don ya zo roƙo. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

"Ki bari in yi bayani."

"Ina ji."

"Aji uku kashi biyu ne, kowanne da kwantenarsa, kin sani. Katakon ɗaya kwantenar ya ruɓe, ƙafar yaro ta burma. Na rufe ta. Na rubuta takarda huɗu, babu wanda ya zo. Aka ce in sallami rabi su zauna a gida kafin a gyara. Ginin farko ma kafin a gyara aka ce, yau wata goma sha huɗu." Ya matso. "Ke za ki tsaya a bakin get ki ce wa uwa ɗanta ba ya cikin talatin? Wa zan zaɓa? Waɗanda suka zauna a gida ba sa dawowa, na gani da idona. Sai na haɗa su."

Ku ji ni da kyau: a nan yana da gaskiya. Lambar da nake bugawa a bango ba ta gina aji. Na san haka tun ranar da na fara aikin.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Sati biyar."

"Asabar biyar ka ci abinci a gidan nan. Da ka gaya mini, da mun zauna mun raba su, rabi safe rabi rana. Da na rubuta da hannuna cewa kwantenar gaggawa ce. Takardata ta fi taka saurin tafiya."

"Na ji tsoron ki ce a rufe."

"Sai ka tambaye ni yaushe za ka gan ni."

Ya sunkuyar da kai.

"Wallahi da na tambaya ba don haka na tambaya ba. Amma da kika faɗa... na shirya malama ta fita da su bayan gari yawon ganin tsirrai ƙarfe goma da rabi. Sai kuka zo ƙarfe tara. Na rikice. Sito ne kawai kusa."

"Kwaɗon fa?"

"Yara ne. Za su fito."

"Eh," na ce. "Amfanin ƙofa kenan."

Mai sayar da ruwa ya wuce da kurarsa, ya gaishe mu, muka amsa tare kamar babu komai. Ina kallon fuskarsa, ina neman hanyar da zan bi in yafe. Da gaske nake nema. Da ya ce ya yi hauka na minti shida, da ya ce tun jiya yana ganin ƙofar nan in ya rufe ido, ina jin da na sami inda zan riƙe.

Sai ya ɗago, idonsa jawur, ya faɗi abin da yake ganin shi ne mafi daɗi a cikin duk abin da ya tanada.

"Na rantse miki, ban lura Auta tana layin da aka fitar ba. Da na san tana ciki, da na cire ta."



"Da ka cire ta."

"Wallahi."

"Ka rufe sauran ashirin da takwas."

Na ga lokacin da ya ji abin da ya faɗa, kuma na ga bai san ta inda zai gyara ba, domin ba kuskuren baki ba ne.

"Yarinyar da ke zaune kan jarka," na ce, "ƙanwar wa ce a hukumar kashe gobara?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Sai da safe, Malam."

"Rana ba ta faɗi ba."

"Sai da safe."

Na shiga gida. Umma tana bayan labule, ba ta ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. A kan tebur ga farantin mai bakin zinare an rufe da wani, tana jiran a ce ya shigo. Na wuce ɗaki. Tela ya turo hoton rigar, ya gama wuya, yana tambaya ko a sa duwatsu a hannu. Na rubuta masa, "Dakata tukuna."

Alhamis ita ce rana ta uku. Na zauna a ofis na rubuta rahoton. Bai kai shafi biyu ba. Adadin da aka amince, talatin. Adadin da aka samu, hamsin da tara har da malama. Yara ashirin da tara a ɗakin ajiyar mai, kwaɗo a waje, minti ashirin da huɗu. Na rubuta cewa kwantena ta biyu ta lalace sati biyar da suka wuce, hedimasta ya kai kuka sau huɗu ba a amsa ba, na sa kwanan watan kowace takarda. Na ba da shawarar a raba ajin safe da rana daga ranar Litinin, kada a mayar da yaro ko ɗaya gida. Sannan na ƙara layi na ƙarshe: jami'ar da ta yi wannan dubawa tana da alaƙa da hedimastan, ba ta bayyana ba, kuma ita ce ta sanar da shi rana da lokaci.

Kofur ya karanta a tsaye.

"Injiniya, wannan layin na ƙasa zai iya cin kakinki."

"Na sani."

"Ba wanda ya sani sai ke da shi."

"Da kai yanzu."

Ya miƙo mini wayar. "Ni gwiwa ce ta lalace mini, ba ido ba. In an tambaye ni, abin da na gani zan faɗa."

Ban tura ba. Ga gaskiya. Na ɗora yatsa, na ɗauke. Na ce bari in nuna wa Oga tukuna, aka ce ya fita tun azahar bai ce ga inda za shi ba. Na ce to bari in je gida in yi sallah, ina da har ƙarfe shida. Duk hanya ina buɗe hotunanmu ina rufewa. Akwai wanda Auta ta ɗauka, ya karkace, rabin kansa ya fita, yana nuna mini allon talatin yana dariya.

Biyar da kwata na shigo gida. Tsakar gida tsit, an share, an yayyafa ruwa. Ƙamshin shayi mai kayan ƙamshi yana fitowa daga kicin, irin wanda Umma ba ta dafawa sai da dalili. Auta tana zaune a kan matakala da littafi.

"Yaya, baƙi aka yi. Umma ta ce in kin zo ki sa mayafi mai kyau."

Na kalli ƙofar falon Abba. Labule a sake, muryoyin maza ƙasa-ƙasa. A bakin ƙofa, takalma.

Na ƙirga. Silifas ɗin Abba. Baƙin sau-ciki mai sheƙi na kawun Mai Alli, na san shi tun zuwansu na farko. Wasu biyu na dattawa da ban sani ba. Ruwan ƙasa mai igiya, wanda dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya saboda yadda yake tsayuwa a gaban allo. Wannan ko a cikin dubu zan gane shi.

Na shida but ne, baƙi, mai ƙarfe a baki, da tambarin hukumarmu a gefe. Irinsa ne a ƙafata, sai dai wannan lamba arba'in da biyar ne. Mutum ɗaya ne yake sa arba'in da biyar a ofishinmu, kuma tun azahar ake nemansa.

Duk sun tuɓe su a tsakiyar ƙofa, ɗaya kan ɗaya.

"Yaya," in ji Auta, "gobe ma za a yi wasan ɓuya? Wadda ta yi fitsari ta ce ita ba za ta sake zuwa ba."

"Ba za a sake ba."

Na zaro waya. Na buɗe rahoton, na duba layin ƙarshe yana nan. Na danna. Ɗan da'irar ya juya sau biyu, ya rubuta an karɓa, biyar da minti goma sha tara. Na shiga jerin lambobi, na nemo Mai Alli, na goge, na rubuta Hedimasta. Wannan ya fi turawar wuya.

Daga ciki na ji muryar Oga yana cewa ai yarinya ce mai hankali, in aka zauna da ita za ta fahimta.

Na durƙusa na kwashe takalman nan shida daga bakin ƙofa, na jera su a jikin bango, hanya ta buɗe. Na kwance igiyar nawa na ajiye a ƙarshen layi, nesa da ruwan ƙasan. Ban je ɗauko mayafi mai kyau ba. Da kakin na ɗaga labule na yi sallama.